Babi na Shida: Gwaiwa, Mutum-mutumi da Hanyar Gusau

A shekarar 2025 jaridu da gidajen talbijin suka ɗauki labarin wani asibiti mai zaman kansa a Legas, The Prostate Clinic, inda Farfesa Kingsley Ekwueme ya yi wa wani majinyaci tiyata da taimakon mutum-mutumi. Hotunan irin wannan aiki sun iso arewacin Zamfara ta wayoyin hannu: na'ura mai hannuwa huɗu tsaye a kan mara lafiya, likita kuma yana can gefe a zaune, ya kifa fuskarsa a kan wani akwati yana motsa yatsu. Labari kuwa ba ya tafiya bai ƙaru ba. Kafin ya zagaya majalisu har an fara cewa yanzu inji ne ke tiyata da kansa, ba yanka, ba jini, a yi wa mutum da safe ya wuce kasuwa da azahar.

Babu wanda wannan zance ya fi shiga ransa kamar mai gwaiwa. Mutum ne da ya shekara biyar ko goma yana ɓoye abinsa ƙarƙashin babbar riga, yana tsoron wuƙar likita, yana kunyar a ji. Yanzu ya sami sabon dalilin jira: bari injin ya iso, ko bari a tara kuɗin zuwa inda yake. Saboda shi na rubuta wannan babi, kuma gara in faɗi matsayina tun da wuri. Ga gwaiwar matsematsi, wadda ita ce ta fi yawa a cikinmu, mutum-mutumi bai fi hannun ƙwararren likita ba, kuma binciken ƙasar da ta ƙera shi ne ya nuna haka. Jiransa kuwa, ga wanda ke zaune a Ƙauran Namoda, Shinkafi ko Zurmi, yana iya zama sanadin ajali.

Bangon cikin ɗan Adam tsoka ce da tantani hawa-hawa, su ne ke riƙe hanji a mazauninsa. A matsematsin namiji akwai wata 'yar hanya da 'ya'yan maraina suka bi suka sauka tun yana cikin uwa, kuma wurin ba ya taɓa yin ƙarfi kamar sauran bangon. In ƙofar ba ta rufe sosai ba tun haihuwa, ko ta saki da girma, sai hanji ko kitsen ciki ya turo ta nan. Wanda ya taɓa ganin tayar babur ta tsage, tub ya leƙo ta tsagar ya yi ƙulu, to ya ga gwaiwa. Tub ɗin lafiyarsa lau, taya ce ta buɗe. Da farko ƙullu ne da ke fitowa in an tsaya, ko an yi tari, ko an ɗaga buhu, ya koma in an kwanta, wani lokaci har da ƙugi. In tafiya ta yi nisa sai ya gangara cikin maraina ya zauna. Tarin da ya daɗe, shan taba, yunƙurin bayan gida, yunƙurin fitsari ga dattawa, da gado, duk suna ƙara mata hanya.

Daga nan mai karatu zai gane abin da ya sa babu sassaƙe, babu jiƙo, babu ƙwayar kemis da ke warkar da ita. Mai shelar magani da lasifika ranar kasuwa yana iya ba ka abin da zai sa ka zawo ka ji cikinka sakayau, amma ƙofar tana nan a buɗe, kuma ɗinki kaɗai ke rufe ta.

Ciwon kuma ba na 'yan tsiraru ba ne, don haka kunyar ba ta da tushe. Ana yin tiyatar gwaiwa sama da miliyan 20 kowace shekara a duniya. Wani lissafi da aka yi a Ingila ya nuna cewa cikin maza 100, kimanin 27 za a yi musu wannan aiki kafin su bar duniya. Cikin mata 100 kuwa, kimanin 3. A yankin Barekese da ke kusa da Kumasi a Gana, da kuma gabashin Yuganda, masu bincike sun duba maza ɗaya bayan ɗaya, suka tarar kusan ɗaya cikin kowane goma abin ya shafe shi.

Sai dai ba duk kumburin maraina ne hanji ba. Akwai gwaiwar ruwa, wadda ruwa ne ke taruwa a kewayen ɗan maraina, kuma a ƙasashenmu sau da yawa tsutsar nan da sauro ke yaɗawa ce sanadinta, wadda ke kawo tundurmi. Ita ba ta komawa ciki in an kwanta, ba ta ƙugi, kuma in likita ya haska mata tocila yakan ga hasken ya ratsa. Mutum ɗaya na iya haɗa duka biyun. Saboda haka ne nake roƙon kowa, don Allah, kada ya yarda wani ya soka masa allura ko ƙarfe a kumburin da sunan zuƙe ruwa. In ruwa ne zai sake taruwa, kuma ƙwayar cuta ta sami hanya. In hanji ne, an huda hanji.

Daren da ta maƙale

Gwaiwa tana iya zama shekaru ba ta yi wa mai ita komai ba sai nauyi da takura. Ranar da za ta yi ɓarna kuwa ba ta sallama. Hanjin da ya saba fita ya koma sai ya fita ya ƙi komawa, bakin ƙofar ya shaƙe shi. Ƙullun ya yi tauri, ya yi zafi, ba ya taɓuwa. Amai ya biyo baya, ciki ya kumbura, bayan gida da tusa su tsaya. Mutanenmu sukan ce ƙaba ta tashi. Abin da ke faruwa a ciki shi ne jini ya daina isa ga wannan yanki na hanji, kuma hanjin da bai sami jini ba yana iya fara mutuwa cikin kimanin awa shida. Daga nan aikin da a da bai fi na awa guda ba ya zama buɗe ciki, yanke ruɓaɓɓen hanji, neman jini, da kwanaki a gado, in an yi sa'a. A Suwidin, inda suke rubuta kusan kowace tiyatar gwaiwa a rajista guda, an gano cewa wanda aka yi wa aikin a ranar da aka tsara, haɗarin mutuwarsa bai wuce na sauran jama'a ba. Wanda aka yi wa cikin gaggawa, haɗarin ya ninka sau bakwai. In har sai da aka yanke hanji, sau ashirin. Wannan fa a Suwidin ke nan, inda motar asibiti ke zuwa ƙofar gida.

Yanzu a auna awa shidan nan da ƙasarmu. Daga Shinkafi zuwa Gusau, inda Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura suke, tafiya ce ta sama da kilomita 100, kuma sai an bi ta Ƙaura. Duk ɗan yankin nan ya san halin da hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi take ciki, da ta Zurmi, tun da 'yan bindiga suka addabi dazukan. Wanda ciwonsa ya tashi bayan isha'i a Badarawa, ko Kware, ko Dauran, ko wani ƙauyen Moriki, wane direba ne zai tayar masa da mota? Sai a jira gari ya waye, a jira a ji labarin hanya, a nemo kuɗi. Akwai babban asibiti a Ƙaura, akwai a Shinkafi, akwai a Zurmi, kuma ma'aikatansu suna aiki cikin halin da ba kowa zai jure ba. A Disambar 2023 faɗa ya matso kusa da asibitin Zurmi har ƙungiyar likitocin ƙasa da ƙasa ta MSF, wadda ke kula da yara a can, ta janye wasu ma'aikatanta na ɗan lokaci. A 2015 wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya sa ma'auni cewa ya kamata kowane mutum ya iya isa wurin da za a buɗe masa ciki cikin awa biyu. Ga ɗimbin ƙauyukanmu, da dare, wannan ma'auni ko kusa ba a kai shi ba.

Na tsaya a kan wannan ne saboda akwai wata shawara da likitocin Turai da Amurka ke bayarwa, wadda gaskiya ce a can, amma ba ta dace da mu ba yadda take. A 2006 aka wallafa binciken da Robert Fitzgibbons ya jagoranta a kan maza 720 masu gwaiwar da ba ta damunsu. Rabi aka yi musu aiki, rabi aka ce su jira ana sa ido. Maƙalewa ta zo da wuya ƙwarai, ƙasa da mutum 2 cikin 1,000 a shekara. Daga nan aka ce jira ba laifi. Amma da aka ci gaba da bin waɗanda suka jira, kimanin kashi 68 cikin 100 sun dawo an yi musu aikin cikin shekara goma, galibi saboda ciwo. Wato jiran bai raba yawancinsu da tiyata ba, ya dai ƙara musu shekaru kafin ta. Sannan su asibiti na bayan gidansu. Dattijon da ke cewa, "Likita, shekara goma ina tare da ita, ba ta taɓa hana ni noma ba," gaskiya ya faɗa. Amsar da ta dace da shi ita ce, "Baba, yau kana da ƙarfi, hanya a buɗe take, ga jini ga haske. Ranar da za ta tashi ba mu san ko ɗaya daga cikin waɗannan zai samu ba."

Hanyoyin rufe ƙofa guda

Tiyatar gwaiwa ta zamani ta faro ne daga wani likitan Italiya, Edoardo Bassini na birnin Padua, wanda a shekarun 1880 ya nuna yadda ake ɗinke bangon matsematsi da tsokar mutum kanta. Bayan shekara ɗari, a Los Anjalas, Irving Lichtenstein da abokan aikinsa suka yaɗa wata dabara: maimakon a ja tsoka da ƙarfi a haɗa, sai a shimfiɗa wata 'yar raga ta zaren roba a kan wurin, jiki ya tsiro ta cikin idanunta ya riƙe. Wannan ya rage dawowar gwaiwa sosai. Yankan bai wuce tsawon yatsa ba ko ya ɗara kaɗan. Abin da ya fi muhimmanci a gare mu shi ne ana iya yin sa da allurar kashe wurin kaɗai, ko allurar baya, mutum idonsa biyu yana jin hirar ma'aikata, kuma sau da yawa a sallame shi a ranar ko washegari. Inda babu raga, akwai ɗinkin da asibitin Shouldice na Kanada ya shahara da shi, wanda shi ne mafi inganci cikin ɗinkunan da ba su da raga.

A farkon shekarun 1990 aka zo da hanya ta biyu, tiyatar huji da kyamara. A yi wa mutum allurar barci gaba ɗaya, a hura masa iskar kabon don a sami fili, a yi huji uku ƙanana, a zura kyamara da dogayen ƙarafa, a shimfiɗa ragar ta bayan bangon. A hannun wanda ya ƙware, ciwon bayan aiki yakan ragu kuma a koma aiki da wuri. Tana da amfani musamman ga mai gwaiwa ta ɓangare biyu, ga wanda aka taɓa yanka ta dawo, da kuma mata. Amma koyonta na da wuya. Ƙwararru suna ganin sai likita ya yi aiki 50 zuwa 100 ƙarƙashin kulawa kafin hannunsa ya zauna.

Mutum-mutumi ba wata tiyata ce ta uku daban ba. Ita ce dai tiyatar huji da kyamara, sai dai ƙarafan an ɗaura su a hannuwan na'ura maimakon likita ya riƙe su. Wanda ya fi shahara shi ne da Vinci, na kamfanin Intuitive Surgical da ke Kalifoniya, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2000. Yanzu akwai wasu: Versius daga Ingila, Hugo na kamfanin Medtronic, SSi Mantra daga Indiya, Toumai daga Sin. Likita yana zaune a cikin ɗakin tiyatar, idanunsa a cikin madubin da ke nuna masa cikin mutum da zurfinsa, an faɗaɗa har kusan sau goma. Yatsunsa na cikin wasu zobba, ƙafafunsa na kan matakai. In ya motsa yatsa, ƙarfen da ke cikin majinyaci ya motsa daidai. In ya ɗaga kansa daga madubin, komai ya tsaya cik. Bakin ƙarafan yana lanƙwasa yana juyawa fiye da wuyan hannun mutum, kuma na'urar tana tace rawar hannu, shi ya sa ɗinki a lungu mai zurfi ke zama da sauƙi. A gefen gado kuma dole akwai wani likita ko nas da ke sauya ƙarafa, ga mai ba da allurar barci yana lura da numfashi. Na'urar ba ta tunani, ba ta yanke shawara, ba ta san inda jijiya take ba. Hasali ma a yawancin waɗanda ake aiki da su likita ba ya jin taurin nama ko laushinsa yadda zai ji da yatsa, da ido yake aunawa. Kuma in jini ya ɓalle ko an tarar da abin da ba a zata ba, janye na'urar ake yi a yanka da hannu.

Amurkawa sun rungumi abin da sauri. A jihar Mishigan, tiyatar gwaiwar matsematsi da mutum-mutumi ta tashi daga ƙasa da kashi 1 cikin 100 a 2012 zuwa kusan kashi 29 a 2018. Hujjar cewa ya fi amfani kuwa ba ta riga wannan yaɗuwa zuwa ba, bayanta aka nemo ta. A 2020 Ajita Prabhu ta asibitin Cleveland Clinic da abokan aikinta suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa majinyata 102, inda ƙuri'a ce ta raba wanda za a yi wa da mutum-mutumi da wanda za a yi wa da kyamara ta hannu. Ba a ga bambanci a ciwo ba, ko a matsalolin bayan aiki, ko a jin daɗin rayuwa. Bambancin da aka gani shi ne na lokaci da kuɗi: kimanin minti 75 da na'ura, minti 40 da hannu, dala 3,258 da na'ura, dala 1,421 da hannu. A 2020 ɗin dai wani gwaji a Hustan ta jihar Tekzas, kan majinyata 124 masu ɓullin gaban ciki, ya ba da amsa mai kama da wannan: kwanakin asibiti ɗaya, lokaci da kuɗi sun ƙaru.

Ba ina nufin na'urar banza ce ba. A aikin ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, wanda ke can ƙasan ƙugu inda hannu ba ya sakewa, ta sami gindin zama. Haka ga babban ɓullin da ke fitowa a tabon tsohuwar tiyata, irin wanda wasu mata ke samu bayan an yi musu aikin haihuwa, inda sai an saki tsokar bangon an sake jera ta: a hannun ƙwararre na'urar tana iya sa a yi wannan babban aiki ta huji, mutum ya rage kwana a asibiti. Amma gwaiwar da ta gangara ta cika maraina shekara da shekaru, irin wadda likitocinmu suka fi gani, yawancin likitocin fiɗa yankan hannu suke zaɓa mata ko da na'urar na ɗakin.

Kuɗinta kuma ba na wasa ba ne. Sabuwar da Vinci takan kai dala miliyan 1.5 zuwa 2.5, kula da ita na cin sama da dala 100,000 a shekara, kuma ƙarafanta suna da ƙidaya a jikinsu, in an yi aiki da su wajen sau goma ko 'yan sama da haka sai na'urar ta ƙi karɓarsu. Tana son wutar da ba ta ƙiftawa da injiniya a kusa. Afirka ta Kudu, da duk arzikinta, sai a 2013 ta sami ta farko, a wani asibiti mai zaman kansa a Piritoriya.

Wasu kan ce ai maganin matsalar hanya ke nan: likita ya zauna a Abuja ya yi wa mutumin Shinkafi aiki. An yi irin haka a duniya. A Satumbar 2001 Jacques Marescaux yana Niyok ya cire wa wata mata jakar matsarmama tana Sitirasbog ta Faransa, kuma a 2025 Vipul Patel yana Fulorida ya yi wa wani mutum aiki a Angola. Sai dai a duka biyun akwai cikakkiyar tawagar likitoci tsaye a kan majinyacin, da layin sadarwa na musamman da ba ya yankewa. Mu kuwa ba mu manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni mutum ba ya iya kiran ɗan'uwansa a unguwa ta gaba.

Binciken da ya fi kusa da bukatarmu a Afirka aka yi shi. A 2016 Jenny Löfgren da abokan aikinta suka wallafa gwajin da suka yi wa maza kimanin 300 a gabashin Yuganda. Rabi aka sa musu ragar kamfani mai tsadar dala 125, rabi aka sa musu wata raga mai arha da aka yanko daga wani nau'in gidan sauro, aka dafa ta a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta ta asibiti, kuɗinta bai kai dala 2 ba. Bayan shekara guda sakamakon bai bambanta ba. Dole in ja kunne a nan: ba gidan sauron da ake rabawa gida-gida ba ne, wannan yana da maganin ƙwari kuma haɗari ne a jiki; nau'i ne na musamman da aka tantance. A Gana kuma, a garin Ho, binciken Jessica Beard na 2019 ya nuna cewa likitocin da ba ƙwararrun fiɗa ba ne, in an horar da su sosai kan aikin raga, sakamakonsu bai gaza na ƙwararrun ba. Ma'anar wannan a gare mu a fili take. Babban asibitin Ƙaura, ko na Shinkafi, ko na Zurmi, in yana da likitan da aka horar, da raga, da tukunyar dafa kayan aiki, da sola mai riƙe fitilar ɗakin tiyata, da nas mai ba da allurar kashe zafi, zai iya ware rana guda kowane mako don masu gwaiwa. A 'yan shekarun nan gwamnatin jihar ta riƙa shirya tiyata kyauta zango-zango a Gusau ga masu gwaiwa, yanar ido da yoyon fitsari, kuma abin yabo ne, wanda ya ji sanarwa ya je. Amma zuwa Gusau ma sai an bi hanyar nan, kuma wanda ɗinkinsa ya yi ruwa bayan mako guda yana bukatar wanda zai duba shi kusa da gida.

Abin da za ka tambaya, da abin da za ka tarar

Ko a Ƙaura za a yi maka, ko a asibitin koyarwa na Sakkwato, ko kana da halin zuwa Alƙahira ko Indiya inda za a nuna maka na'ura a ƙasida mai sheƙi, tambayoyin kusan ɗaya ne, kuma ba rashin kunya ba ne ka yi su. Hanji ne ko ruwa? Ɓangare ɗaya ne ko biyu? Wa zai yi aikin, kuma ya saba yin irinsa ta wannan hanya? Wace allura za a yi mini? Wannan ta ƙarshe tana da nauyi ga dattijo mai hawan jini, ciwon zuciya ko tari, domin mutum-mutumi ba ya yiwuwa sai da allurar barci gaba ɗaya, alhali yankan hannu na yiwuwa ba tare da ita ba. In an ce maka na'ura, ka tambayi me za ta ƙara maka kai musamman da kyamara ta hannu ko yanka ba za su ba ka ba, kuma nawa ne bambancin kuɗin. Ka tambayi irin ragar da za a sa. Galibinta zaren roba ce zalla kuma tana zama a jiki har abada, amma a manyan asibitocin waje akwai wadda ake yi da fatar dabba, har da ta alade, don wasu ayyuka masu wuya; Musulmi yana da haƙƙin ya sani tun kafin a sa.

Tsoron da ba a cika faɗa da baki ba shi ne na mazakuta da haihuwa. Gaskiya ne hanyar maniyyi da jijiyoyin jinin ɗan maraina ta wurin suke bi, kuma likita na aiki a gefensu. Rauni gare su yana faruwa amma da wuya, kuma aikin ba ya taɓa abin da ke kawo ƙarfin namiji. Gwaiwar da aka bari ta girma ita ce ta fi shiga tsakanin mutum da iyalinsa. Abin da ya fi yawan faruwa bayan aiki, ta kowace hanya aka yi shi, shi ne kumburi da taruwar ruwa ko jini a maraina na 'yan makonni, wanda yakan baje da kansa, sai riƙewar fitsari ga wasu dattawa a ranar farko. Akwai kuma wanda ya kamata a faɗa wa kowa tun kafin ya hau gado: kimanin mutum 10 zuwa 12 cikin 100 sukan ci gaba da jin wani ciwo ko tsami a wurin bayan wata uku, ko da yake kaɗan ne daga cikinsu abin ke hana su aiki. Gwaiwa kuma tana iya dawowa, musamman ga mai shan taba da wanda bai magance tarinsa ba.

Bayan aiki ana son mutum ya tashi ya taka tun a ranar. Ya yi salla a zaune har sujada ta daina ja masa ɗinki. Ya ci abincinsa, ya sha ruwa da yawa, ya ci ganye don kada bayan gida ya yi tauri. Ƙananan hidimomi cikin 'yan kwanaki ake komawa kansu. Ɗaukar buhu, huɗa, haƙa da doguwar tafiya a babur kuwa, a bi adadin makonnin da likita ya faɗa. Ga manomi wannan lissafi ne mai sauƙi: bayan kaka, an kai gero da wake gida, akwai ɗan kuɗi a hannu, kuma akwai watanni kafin ruwan shuka. Wanda ya bari damina ta kama zai ce sai an gama noma, shekara ta sake juyawa.

Mata su kula da wani abu nasu. Ƙullun da ke fitowa can ƙasan matsematsi, a saman cinya, yakan zama ƙarami har a raina shi ko a ɗauka kaluluwa ce. Wannan nau'in ya fi yawa ga mata, ƙofarsa matsattsiya ce, kuma ya fi kowane saurin shaƙe hanji. Mace mai ƙullu a matsematsi ba a ce mata ta jira. Haka jariri ko yaron da ake ganin kumburi a matsematsinsa ko marainansa in yana kuka: a kai shi da wuri, aikinsa ɗaure bakin jakar ne kawai, ba a sa masa raga. Cibin yara kuwa yawancinsa yana rufewa da kansa kafin shekara huɗu ko biyar, kuma ɗaura masa kwabo da tsumma ba ya ƙara komai sai gyambo.

In kuma an riga an makara, ƙullu ya fito ya ƙi komawa, ga ciwo ga amai, to mutanen gida su san abin yi. A kwantar da shi rigingine. Kada a danna da ƙarfi, kada a kira mai tsaga, kada a gasa wurin. Kada a ba shi abinci, ko kunu, ko jiƙo, domin cikin da ke cike yana ƙara haɗarin allurar barci. A nufi babban asibiti mafi kusa da zarar an sami hanya, ko da za su tura gaba, don a fara ƙarin ruwa a zuƙe masa ciki tun a nan. A tafi da 'yan'uwa biyu ko uku da za su iya ba da jini. Kuma wani ya riƙe lokacin da ciwon ya fara, ko bayan magariba ne ko kafin asuba, domin ita ce tambayar farko da likita zai yi.